Zobe, Da'ira da Ƙawanya a Luggar Mutanen Ingila

Dandalin da 'yan damben Turawa suke fafatawa a kansa, wanda ake ɗaga shi bisa ƙasa a ja masa igiyoyi daga turke zuwa turke, ko yaro ya dube shi zai shaida murabba'i ne mai kusurwa huɗu. Amma duk da haka mutanen Ingila ba su da wani suna da suke kiransa da shi sai “ring”, watau zobe, kalmar nan dai da suke kiran abin da ango yake sa wa amarya a yatsa ran ɗaurin aure. Asalin abin kuwa, a zamanin da dambe bai shiga ɗaki ba a ƙasarsu, a fili ake yinsa bisa ciyawa, 'yan kallo su taru su yi wa 'yan damben zobe da jikunansu, kamar yadda ake yi a dandalin damben kaka a ƙasar Hausa. To, da aka tsara dokokin damben Landan a 1838, aka ƙayyade fili mai ƙafa 24 a kowane gefe, aka kafa turaku takwas aka zarga musu igiya, sai siffar wurin ta sake, sunansa kuwa ya zauna inda yake har yau.

Wannan ƙaramar mas'ala ce a cikin wani babi mai faɗi na luggar Ingilishi, babin kalmomin da'ira da kewaye da ƙawanya, wanda ɗalibanmu suke shan wahalarsa fiye da kima, domin ana ba su shi a warwatse, kowace kalma ita kaɗai, su haddace ta yau su mance ta jibi. Alhali kuwa almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya karanci sarfu da ishtiƙaƙi, in an ba shi haruffa uku na Larabci, dal da wawu da ra, ya san daga gare su ne da'ira ta fito, da madari inda tauraro yake yawo, da daru wadda ita ce gida, da mudiri wanda yake juya al'amuran ma'aikata. Ba ya jin nauyinsu, domin ya ga igiyar da ta ɗaure su. Ingilishi ma yana da irin wannan igiya, illa dai tasa ba ɗaya ba ce, uku ce ko huɗu, kowacce kuwa wata al'umma ce ta shigo da ita tsibirin, wasu da takobi, wasu da littafi.

Ƙabilun Angul da Sakson, waɗanda suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus a ƙarni na 5, su ne suka zo da “ring” da “wheel”, watau ƙafar keke, da sauran gajerun kalmomin da manomi da makiyayi suke aiki da su. A 1066 kuma Wilyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, Faransanci ya zama harshen fada da kotu har wajen shekara 300, ya bar “round” da “circle” da “siege”. Daga baya malaman handasa da falaki da likitanci suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga littattafan Latin da na Girka, irin su “circumference” da “perimeter”, waɗanda har yau ba a cika jinsu a bakin mutum ba sai in yana riƙe da alli ko alƙalami. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, tun da shi ma yana cewa zobe da kewaye da zagaye a gida da kasuwa, in ya shiga aji ko majalisar malamai ya ce da'ira.

Kalmomin Sakson ɗin nan su ne suka fi nuna abin da kewaye yake nufi ga mutanen farko. “Town”, wadda kowane ɗan firamare ya san ma'anarta gari, asalinta “tun”, ma'anarta kuwa shinge da abin da ke cikin shinge, gida ne ko gona. 'Yar'uwarta tana nan a Jamusanci, “Zaun”, har yanzu shinge take nufi, a harshen mutanen Holan kuma “tuin” lambu ne. Ita ce ta liƙe a ƙarshen sunayen garuruwa masu yawa, kamar Kingston da Brighton da Washington, wanda asalinsa ƙauye ne a arewacin Ingila kafin ya zama sunan zuriyar shugaban Amurka na farko. Haka “yard”, tsakar gida, da “garden”, lambu, da “gird”, ɗaura ɗamara, duk tushensu ɗaya, abin da aka kewaye; tushen nan kuma shi ne ya bayyana a harsunan Rasha da maƙwabtanta a matsayin “grad” ko “gorod”, birni, kamar a Belgrad da Novgorod da Stalingrad. Ashe a wurin waɗannan al'ummu duka ba yawan jama'a ne yake mai da wuri gari ba, katanga ce. Mu ma ba ma kiran wuri birni sai yana da ganuwa, shi ya sa Tarihin Kano ya kula ya ambaci Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, da cewa shi ya fara ginin ganuwar birnin, har yau kuwa Bakano yana rarrabe cikin gari da waje ko da ganuwar ta zube a wurare da dama. Ita kanta kalmar “wall”, bango, aro ce daga “vallum” ta Latin, tudun ƙasa mai turaku da sojan Rum suke tayarwa a kewayen sansaninsu kowane maraice.

A wannan babi akwai kalma ɗaya da ta yi tafiya mai nisa fiye da kowacce, kuma ta iso mana ta hanyar da ta fi kowace hanya daraja. Farisawan dā suna kiran lambun sarki, mai itatuwa da ruwa da namun daji, wanda aka kewaye da katanga, da sunan da ya haɗa kalmomi biyu, “pairi”, kewaye, da “daeza”, bango. Wani sojan Girka mai rubutu, Zenofon, wanda ya shiga ƙasar Farisa tare da rundunar Sairus Ƙarami a shekara ta 401 kafin Miladiyya, ya ga irin waɗannan lambuna ya ambace su a littattafansa da lafazin “paradeisos”. Da malaman Yahudawa na Iskandariyya suka zo fassara Attaura zuwa Girkanci, ita suka zaɓa don lambun da aka zaunar da Annabi Adamu, daga nan ta bi Latin da Faransanci ta zama “paradise” a Ingilishi. Masu binciken lugga suna ganin Firdausi daga wannan asali take. Magabata ma ba su ƙi tattauna mas'alar ba: an ruwaito daga Mujahidu, almajirin Ibnu Abbas, cewa lambu ne da harshen Rumawa, Imam Suyuɗi kuma ya kawo ta a cikin Itƙan a babin kalmomin da aka ce mu'arrabai ne, ko da yake Imam Shafi'i da waɗansu sun tsaya a kan cewa babu wani abu a Alƙur'ani da ba Larabci ba. Abu Ubaid ya daidaita tsakanin maganganun biyu da cewa asalin irin waɗannan kalmomi na baƙi ne, amma Larabawa sun riga sun mai da su nasu, sun sarrafa su bisa harshensu, tun kafin saukar wahayi, wannan kuwa ita ce maganar da hankalina ya fi natsuwa da ita.

Sai zuriyar Latin, wadda ta fi kowacce yawan 'ya'ya. Uwarsu ita ce “circus”, zobe, “circle” kuwa ƙaramin zobe ne, abin da malaman sarfu suke kira tasgiri. Rumawa sun ba da sunan ga filin sukuwarsu, mafi girmansa kuwa shi ne Circus Maximus, mai tsawon wajen mita 600, wanda masana suke ƙiyasin yana ɗaukar 'yan kallo 150,000, inda kekunan doki suke zagaya wata doguwar katanga ta tsakiya sau bakwai. Bayan ƙarnuka masu yawa wani tsohon sajan na sojan doki, Philip Astley, ya buɗe wurin nuna gwanintar hawa a Landan a 1768, ya lura cewa mahayin da ya miƙe tsaye a bayan doki ya fi samun daidaito in dokin yana gudu a da'ira, daga nan wasan nan na dawaki da 'yan tsalle-tsalle da masu ban dariya ya samo asali, filinsa mai faɗin ƙafa 42, aka kuma raɗa masa tsohon sunan Rumawa. Saboda haka baƙon da ya sauka Landan ya ji ana cewa Piccadilly Circus ko Oxford Circus kada ya sa ran ganin dawaki. Mahaɗar tituna ce da maginin nan John Nash ya tsara da gine-gine a zagaye a wajen 1819, dangin abin da muke kira shataletale.

Daga wannan uwa aka sami “circum”, wadda ake liƙawa a gaban kalma ta ba ta ma'anar kewaye, wanda ya riƙe ta kuwa ya sami mabuɗin ƙofofi da yawa. “Circumstance”, da muke fassarawa hali ko yanayi, lafazinta abin da yake tsaye a kewayen mutum; “circumspect” shi ne mai duba hagu da dama kafin ya taka; “circumcision” kaciya ce, yanka a zagaye; “circumnavigate” shi ne abin da jirgin Magellan ya yi wa duniya tsakanin 1519 da 1522, ko da yake shi Magellan ɗin an kashe shi a hanya, Elcano ne ya kai jirgi ɗaya da ya rage gida. “Circumlocution” ita ce kewaye-kewaye a magana, kwana-kwanar mai gudun ba da amsa, har Charles Dickens ya ƙago wata ma'aikatar gwamnati mai wannan suna a littafinsa Little Dorrit don ya tona asirin ofisoshin da mai buƙata yake yawo a cikinsu daga tebur zuwa tebur har ya tsufa. “Circuit” kuwa, wadda yaranmu suka sani a darasin lantarki, tun kafin lantarki ana kiran rangadi da ita, irin rangadin alƙalan da Sarki Henry na Biyu ya riƙa aikawa larduna a ƙarni na 12 su zagaya suna yanke shari'a. “Circulation” ta shahara ne bayan William Harvey ya buga littafinsa a 1628 yana bayyana yadda jini yake fita daga zuciya ya zaga jiki ya komo, kuma adalci ne a ambata cewa Ibnun Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, ya riga ya bayyana zagayen jini ta huhu a sharhinsa na Ƙanun ɗin Ibnu Sina. Har “search”, nema, da “research”, bincike, daga nan suke, ta hanyar Faransanci, domin mai nema zagayawa yake yi.

Abin da yake damuna shi ne, duk waɗannan ana iya koyar da su a darasi guda, malami ya zana da'ira a allo ya rubuta “circum” a tsakiya ya bar yara su kawo sauran da kansu. Amma sai ka tarar an raba su a littattafai biyar da azuzuwa shida, wannan a darasin lissafi, wannan a na kimiyya, wannan a na adabi, ba wanda ya gaya wa yaro cewa 'yan ɗaki ɗaya ne. Hanyar zaure ta fi wannan nesa ba kusa ba, kuma babu abin da ya hana malamin Turanci ya are ta, tun da babban ƙamus na Oxford, wanda aka fara bugawa a 1884 aka kammala a 1928, ya kawo asalin kowace kalma da shekarar da aka fara ganinta a rubuce, ƙananan ƙamusoshi da yawa kuma sun taƙaita wannan a layi ɗaya a ƙarshen bayani, layin da ɗalibi ya saba tsallakewa.

Akwai kuma kalmomin da kewayen ya ɓuya a cikinsu har ba mai zato. “Ambition”, buri, wadda yau ake yaba wa yaro in yana da ita, asalinta yawon neman ƙuri'a: ɗan takarar Rum yakan sa farar riga ya bi dandali yana zagayawa, yana kama hannun wannan yana kiran sunan wancan, zagayen nan shi ne “ambitio”, in kuma ya haɗa da rabon kuɗi sai ya zama laifin da suke kira “ambitus”, wanda dokar da aka yi a shekara ta 63 kafin Miladiyya, zamanin da Cicero yake riƙe da mulki, ta yanke masa korar shekara goma daga gari. Da wannan mummunar ma'ana kalmar ta shiga Ingilishi, shi ya sa a wasan Shakespeare na Julius Caesar ita ce tuhumar da aka kashe mutumin saboda ita. “Exorbitant”, da ake cewa ga farashin da ya wuce hankali, ma'anarta abin da ya goce daga “orbita”, sawun da ƙafar keke take bari a hanya, sawun da malaman falaki suka ara suka kira hanyar taurari da shi.

Girkawa nasu zoben “kyklos” ne, shi ya haifi “cycle” da “bicycle”, mai ƙafa biyu, wadda bakin Bahaushe ya mayar basukur. “Cyclone”, guguwar teku mai juyawa, wani Bature ne mai suna Henry Piddington ya ƙaga ta a Kalkata a 1848, bayan ya daɗe yana tara labarin guguwar Tekun Bangal daga littattafan matuƙan jiragen ruwa. “Encyclopedia” lafazinta ilmin da ya kewaye, watau karatun da ya zaga fannoni duka; da Buɗrus al-Bustani ya fara buga irinta da Larabci a Bairut a 1876, sai ya kira ta Da'iratul Ma'arif, ya mai da zoben inda yake. Abin sha'awa kuma, “kyklos” ta Girka da “wheel” ta Sakson da “chakra” ta Sanskirit, ƙafar keken nan mai sili 24 da ke tsakiyar tutar Indiya, duk kalma ɗaya ce da ta rarrabu tun kafin a san rubutu. Wanda ya shahara da bayyana dangantakar waɗannan harsuna shi ne Sir William Jones, alƙali a Kalkata, a jawabinsa na 1786, mutumin da ya iya Larabci har ya fassara Mu'allaƙat bakwai. Mahaifinsa kuma, shi ma William Jones, malamin hisabi, shi ne a 1706 ya fara amfani da harafin nan na Girka, π, don nisbar kewayen da'ira da faɗinta. Wannan nisba ce Jamshid al-Kashi ya lissafa a Samarƙand a 1424 har gurbi 16 bayan ɗigo, da ita kuma Lindemann ya tabbatar a 1882 cewa ba za a taɓa zana murabba'i daidai da da'ira da magwaji da kamfas kaɗai ba, shi ya sa in Bature ya ce wani yana ƙoƙarin “squaring the circle” yana nufin ya sa kansa abin da ba shi yiwuwa.

“Vicious circle” kuwa almajirin tauhidi ya san ta tun kafin ya ji Turanci. A asali kalmar malaman manɗiƙi ce, aibin hujjar da take kafa abu da abin da shi ma ba ya tsayuwa sai da na farkon. Shi ne dauri, wanda ake ambatonsa tare da tasalsuli a Ummul Barahin ta Shehu Sanusi na Tilimsan da sharhohinta, inda ake kore su duka biyu don tabbatar da cewa Mahalicci ba fararre ba ne. Mutanen Ingila suka fitar da ita daga makaranta suka kai ta ga al'amuran rayuwa, suka riƙa kiran duk wata musiba mai haifar da sababinta da wannan suna, kamar manomin da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina ya ci bashin hatsi, kaka ta yi ya biya ninki lokacin da hatsi ya fi araha, abin da ya rage bai kai shi wata damina ba, ya koma ƙofar mai bashin. A kusa da nan ya kamata a ambaci “zero” da “cipher”, waɗanda duka biyu sifiri ne na Larabci: Leonardo na Pisa, wanda ya koyi hisabi a Bijaya ta ƙasar Aljeriya inda mahaifinsa yake aikin kwastan, ya rubuta shi “zephirum” a littafinsa na 1202, Italiyawa suka gajarta shi. Ma'anar sifiri fanko ce, ba ta da alaƙa da zagaye, siffarsa ce kawai ta zama zobe; yaron da ya fara sanin lambobi a littattafan bugun Masar kuwa yakan rikice ran da ya shiga boko, domin a can ɗigo ne sifiri, ɗan zoben nan biyar ne.

Ɓangaren da ya fi nauyi a wannan babi shi ne na wanda aka kewaye ba da sonsa ba. Kalmar da aka fi amfani da ita, “surround”, kowa yana ɗauka 'yar “round” ce, alhali babu jini tsakaninsu: daga Latin take, “super” da “unda”, igiyar ruwan da ta hau bisa, ma'anarta ta farko a Ingilishi kuwa ambaliya, 'yan'uwanta na gaskiya su ne “inundate” da “abound” da “redundant”. Dokokin zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko game da fadamun gabashin Ingila da wannan ma'ana suka yi aiki da ita, ƙasar da ruwa yake ci. Sai a ƙarni na 17 kunnen jama'a ya ji “round” a cikinta ya ja ta zuwa ma'anar kewaye, har rubutunta ya bi. Wanda ya taɓa ganin ƙauyen da kogi ya cika ya yi masa ƙawanya, ba shiga ba fita sai da kwalekwale, ba zai yi mamakin yadda ma'anar farko ta miƙa hannu ga ta biyu ba.

“Siege” da “besiege”, muhasara, asalinsu zama: runduna ta zo ta zauna a ƙofar birni, ta tsare hanyar abinci da ta ruwa, ta bar yunwa ta yi mata yaƙin. Daga wannan zama ne Latin ta sami “obsidere”, zama a gaban wani don tsare shi, wadda ta ba Ingilishi “obsession”. Da fari muhasarar gari ce, sa'an nan malaman Kirista suka kira aljanin da yake damun mutum daga waje bai shige shi ba da ita, daga bisani ta zama tunanin da ya kafa wa zuciya sansani ya ƙi tashi, abin da ya yi kusa da waswasi. Rumawa suna da kambi iri-iri na girmama jarumai, daga kalmarsu ta kambi, “corona”, aka sami “crown”, amma marubucinsu Pliny ya ce babu wanda ya kai darajar kambin muhasara, wanda ba na zinariya ba ne, ciyawa ce da sojan da aka kuɓutar suke tsinkowa daga wurin da aka tsare su, su saƙa da hannunsu su ɗora wa wanda ya fasa musu ƙawanya, mutane ƙalilan ne kuwa suka taɓa samunsa a duk tarihinsu. Su ne kuma gwanayen tsare wasu: a Alesiya, shekara ta 52 kafin Miladiyya, Julius Caesar ya kewaye rundunar Vercingetorix da ganuwa mai tsawon wajen kilomita 16, da ya ji gudummawa tana tafe ya sake gina wata ta wajen kilomita 21 tana fuskantar waje, ya zauna a tsakanin biyun, irin wannan aiki shi ake kira “circumvallation”.

Yaƙe-yaƙe ma sun ƙara wa Ingilishi kalmomi. “Beleaguer” sojanta ne suka kwaso ta daga Holan a ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da suke taimakon mutanen ƙasar a yaƙinsu da Sifen, daga “leger”, sansani. 'Yar'uwarta “laager” ta zo daga Afirka ta Kudu, zoben kekunan shanu da Turawan Bowa suke ɗaurewa su fake a ciki, kamar yadda suka yi a yaƙinsu da Zulu a 1838. “Cordon” igiya ce a Faransanci, ta zama layin soja ko 'yan sanda, “cordon sanitaire” kuma ta shahara a 1821, da Faransa ta jera soja a kan duwatsun iyakarta da Sifen don hana cutar shawara da ta ɓarke a Barcelona ƙetarowa.

Ta baya-bayan nan ita ce “kettling”, daga “kettle”, tukunyar dafa ruwa, wadda galibin masana suke dangantawa da “Kessel” ta sojan Jamus, sunan da suke ba rundunar da aka rufe ta ko'ina. Mafi shaharar irin wannan tukunya ita ce ta Stalingrad, inda sojan Rasha suka haɗe ƙawanyarsu ran 23 ga Nuwamba 1942, suka kira farmakinsu na ƙarshe da kalmar harshensu mai ma'anar zobe, har ran 2 ga Fabrairu 1943 aka kama wajen mutum 91,000 da suka saura da rai. Abin da ya kamata ya tayar wa mai hankali da hankali shi ne yadda kalmar fagen fama ta koma titin gari. A Hamburg, a 1986, 'yan sanda suka rufe masu zanga-zanga wajen 800 har kimanin sa'a 13, kotu ta ce sun saɓa doka. A Landan kuma, ran 1 ga Mayu 2001, aka tsare wajen mutum 3,000 a Oxford Circus kusan sa'a bakwai, cikin sanyi da ruwan sama, babu abinci, babu makewayi, a cikinsu har da waɗanda ba su zo zanga-zanga ba, sun fito cin abincin rana ne daga wurin aiki ko sayayya ƙawanyar ta rutsa da su. Huɗu daga cikinsu suka kai ƙara har Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda ta yanke hukunci a watan Maris 2012 cewa abin da aka yi musu bai kai a kira shi tauye 'yanci ba, bisa hujjar cewa an yi shi ne don kauce wa tarzoma. Alƙalai uku daga cikin 17 suka ƙi yarda, suka rubuta saɓaninsu, ni kuwa ina tare da ukun nan.